Zallan maza ko gauraye: inda abinci ke tafiya a jikin kifi namiji da tamata

Mai kiwon kifi a Maradi, in ya tashi sayen iri, akwai tambayar da ke tare shi tun ba a ɗaure bakin leda ba: zallan maza zai ɗauka ko gauraye? Zallan maza sun fi tsada, kuma ba kowane mai sayarwa ke da su ba. Amsar karfasa daban, ta tarwaɗa daban, wanda kuwa ya ɗauki dokar wannan ya ɗora wa waccan, ko ya biya kuɗin da babu dalili, ko ya cika tabkinsa da tsumburarrun kifi. Abin da ke raba gardama shi ne sanin inda abincin da aka watsa ke tafiya bayan kifi ya haɗiye shi. Wani kaso numfashi da iyo ke ƙone shi, wani ya zama tsoka, wani ya kwanta kitse, wani ya tafi ga ƙwai ko maniyyi. Namiji da tamata ba rabo ɗaya suke yi ba.

Babu kifin da wannan rabo ya fito fili a jikinsa kamar wani kifin Turai mai siffar maciji, wanda masana ke kira Anguilla anguilla. Mu kira shi angila. Ba ya cikin Gulbin Maradi, ba ya cikin tabkin Madarumfa, kuma kada a haɗa shi da gaiwa ko da yake sun yi kama a tsawo da santsi. Mun kawo shi ne don lissafinsa a buɗe yake: kifi ne da ke rufe baki rana ɗaya, daga nan duk abin da zai yi har mutuwarsa da abin da ya tara zai yi shi.

Tafiyar angila

A tekun Sargaso, can yammacin tekun Atlantika, ake ƙyanƙyashe shi. Johannes Schmidt, masani ɗan ƙasar Danmak, shi ya bi sawun ƙananan tsutsotsin kifin na kusan shekara ashirin har ya nuna wurin a 1922. Ruwa ke kwaso ɗiyan zuwa gaɓar Turai da arewacin Afirka, su hau koguna, su yi shekaru suna ci. Idan lokacin komawa ya yi, jikin ya sake: ciki ya yi fari kamar azurfa, idanu su ƙara girma, hanji ya shanye. Daga ranar babu sauran ci. Gabansa akwai kilomita 5,000 zuwa 6,000, daga wasu kogunan ma fiye, kuma a ƙarshen tafiyar ne zai hayayyafa sau ɗaya tak. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan cikin angila kitse ne, wanda kan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa. Dalilin da ya sa guzurin ya zama kitse a fili yake: garam ɗaya na kitse na ba da kalori 9, na sitaci ko furotin kuwa 4.

Namijin angila ƙarami ne. Da wuya ya wuce santimita 45, nauyinsa bai cika wuce garam 150 ba, kuma yakan tashi da ƙuruciya. Tamata takan zauna shekaru fiye da nasa, ta wuce santimita 50, wata ta haura mita guda da kilo biyu ko uku. Maniyyi ba ya cin jari mai yawa, ƙaramin namiji na iya barbarar ƙwai kamar yadda babba zai yi, saboda haka zama a kogi ba ya ƙara masa komai sai haɗarin tsuntsu da ƙugiya. Ita kuwa yawan ƙwanta da girmanta yake tafiya, babbar tamata na ɗaukar ƙwai miliyoyi. Duk shekarar da ta ƙara a kogi riba ce.

Sai dai ƙanƙanta na da farashi. A jami'ar Laidin ta ƙasar Holan an saka matan angila cikin bututun ruwa mai gudu, suka yi iyon kilomita 5,500 cikin kwana 173 ba tare da sun ci komai ba, suna tafiyar rabin tsawon jikinsu a kowace daƙiƙa. An buga sakamakon a 2005. A auna wannan gudun da girman jiki: tamata mai santimita 80 za ta ci kusan kilomita 35 a yini, ta gama 6,000 cikin wata shida. Namiji mai santimita 40, da irin wannan bugun, kilomita 17 zai yi, ya kusan shekara a hanya. Dole ya yi ɗayan biyu, ko ya riga ta tashi, ko ya ƙara gudu ya ƙara ƙona kitse. Kuma haka ake gani a kogunan Turai: maza ne ke fara gangarawa teku tun ƙarshen zafi, manyan mata su biyo baya da sanyin kaka. Ga kuma wata doka da ta hau kan kowace dabba: ƙaramin jiki ya fi babba shan iskar oksijin a kowane kilo. Shi ya sa namijin da ya shirya tafiya yakan fi tamata yawan kitse idan aka auna da nauyinsa. Guzurinsa kusan duka na hanya ne. An kuma gwada maza suna iyo a garke, aka ga kuzarin da suke kashewa ya ragu idan aka kwatanta da mai iyo shi kaɗai.

Ita tamata guzuri biyu take ɗauke da shi a jaka ɗaya. Masanan Laidin sun ƙiyasta cewa iyon na cin kusan kashi 40 cikin ɗari na kitsen babbar tamata, saura na ƙwai ne. Hanta ke haɗa gwaiduwa da kitse da furotin ta tura wa ƙwan, har ƙashinta jiki ke narkarwa don samun alli da sinadarin fosforas. Matan da aka nunar da ƙwansu da allura a ɗakin gwaji, mahaifar ƙwan kan kai kashi 40 cikin ɗari na nauyin jiki ko fiye. Ta namiji ba ta kusa da haka. Tamatar da ta bar kogi da ƙarancin kitse tana iya isa, amma hannu wofi.

Wanda ya san gaiwa zai gane wannan nan take. Gaiwa na shiga laka in fadama ta ƙafe, ta naɗe cikin majinarta, ta rage numfashi, ta rayu watanni da tsokar jikinta, har ake mata kirari da mai cin jikinta. Bambancin shi ne gaiwa kwance take tana tattali, angila kuwa dare da rana iyo yake, yana nitsewa zurfin ɗaruruwan mita da rana ya taso da dare.

Abu ɗaya ya rage game da shi, don kada wani ya ga bidiyo a Facebook ya ce zai gwada kiwonsa. Har yanzu ba a ƙyanƙyashe shi don kasuwa, daga teku ake kamo ɗiyan, yawansu ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun shekarun 1980, kuma Tarayyar Turai ta hana fitar da shi tun 2010. Ko a gonakin Turai da ake kiwonsa, cunkoso na sa yawancin ɗiyan su zama maza, wato masu tsayawa da girma da wuri. A wurin angila tamata ce mai nama.

Karfasa: a nan namiji ne mai nama

Karfasar kiwo, Oreochromis niloticus, ta juya lissafin. Namiji ya share rami a ƙasan tabki, tamata ta zuba ƙwai, ya barbara, ta kwashe su cikin bakinta. Mako ɗaya zuwa biyu tana riƙe da su har su ƙyanƙyashe su iya iyo, kuma a wannan lokaci kusan ba ta cin komai. Da ta sake su ta ɗan farfaɗo, sai sabon ƙwai ya fara taruwa. Muddin ruwa ya kai digiri 24, tana iya maimaita haka kusan duk wata ko wata da rabi. Angila azumi ɗaya take yi a rayuwarta, tamatar karfasa kuwa ba ta gama wani sai ta shiga wani. Asara biyu ke nan: abincin da ta ci ƙwai ya kwashe, kwanakin da ba ta ci ba kuma girma ya tsaya. Namiji na ɓata nasa ƙarfin wajen haƙa da faɗan tsare rami, amma bakinsa a buɗe yake kullum. Shi ya sa girmansa kan kusan ninka nata.

Babbar ɓarnar ma ba jinkirin uwar ba ne, ɗiyan ne. Karfasa na balaga a tabki tana wata biyar ko shida, a cunkoso da yunwa ma tun tana garam 30 zuwa 40 take fara ɗaukar ƙwai. Ɗiyan su cika ruwa, su raba abinci da iska da iyayensu, kowa ya tsumbure. Kuma ƙaramin kifi, kamar namijin angila, ya fi babba ƙona abinci a kowane kilo: ɗan kifi mai tsawon yatsa na cin kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa ko fiye a yini, babba kashi 2 zuwa 3. Kilo goma na ƙanana sun fi kilo goma na manya ci da shan iska, kuɗinsu a kasuwa kuwa bai kai ba.

Ga lissafin misali. A ce tabkin ƙasa ne mai murabba'in mita 200, an zuba karfasa 500, 450 suka rayu. In zallan maza ne suka kai garam 250 cikin wata shida, kilo 112 ke nan, kusan kai ɗaya, irin wanda masu gashi da masu soya ke so. In gauraye ne, a ce mazan sun tsaya a garam 180 saboda cunkoso, matan a 100, abin sayarwa kilo 63 ne, sai tarin ƙanana da suka ci abinci ba su biya ba. Alƙaluman za su sauya daga tabki zuwa tabki, amma gibin yakan fi ƙarin kuɗin da ake biya wajen sayen zallan maza nesa ba kusa ba.

Hanyoyin samun maza ba su yi daidai da juna a wahala da haɗari ba.

Warewa da hannu ita ce ta talaka, ba ta son komai sai ido da haƙuri. A bar ɗiyan su kai garam 30 zuwa 50. A yi aikin da sassafe kafin rana ta yi zafi, a hana su abinci tun jajibiri, a jiƙa hannu don kada a goge santsin jikinsu. A kifa kifin, a duba ɗan tsiron da ke bayan dubura. Na namiji mai tsini ne, ƙofa ɗaya ce a samansa. Na tamata ya fi faɗi, kuma akwai tsaga a kwance a tsakiyarsa, ta nan ƙwai ke fita. In ido ya kasa, a ɗiga shuɗin metilen ko launin abinci da auduga, tsagar za ta riƙe launin. Wanda aka yi shakka a kansa a jefa shi cikin mata. Aibin hanyar biyu ne. An ciyar da matan wata biyu ko uku kafin a fitar da su, kuma ko gwani yakan kuskure. Kuskuren biyar cikin ɗari a kifi 500 mata 25 ne, kowace in ta ba da ƙwai 200 a wata, 5,000 ke nan. Don haka a sake dubawa bayan mako uku ko huɗu, kuma a tace ruwan shiga da raga mai ƙananan ido, musamman in daga gulbi ko fadama ake jawo shi.

Juya jinsi da magani ita ce hanyar manyan wuraren ƙyanƙyasa. Ana narkar da miligiram 60 na metiltestosteron, sinadarin da ke mai da ɗiyan kifi maza, cikin giyar likita mai ƙarfi, a gauraya da kilo ɗaya na garin abinci, a shanya a inuwa har giyar ta fice. Ana ba ɗiyan da suka fara cin abinci, waɗanda ba su wuce milimita 14 ba, tsawon kwana 21 zuwa 28, sau huɗu ko fiye a yini. In an yi daidai ana samun maza fiye da 95 cikin ɗari. Inda ake faɗuwa sananne ne: an fara da ɗiyan da suka riga suka girma, jinsinsu ya zauna, ruwan ya yi kore, suka ƙoshi da gansakuka suka bar abincin, an bar garin a rana ko cikin zafi maganin ya mutu, ko dari ya sa ba sa ci. Mu dai ba mu ga dalilin da mai tabki ɗaya ko biyu zai kawo wannan magani gidansa ba. Sinadari ne mai aiki a jikin mutum, yana son safar hannu, mace mai ciki ba ta taɓa shi, ruwan wurin ba a sake shi inda dabbobi ke sha. Gara a saya wurin wanda aikinsa ke nan, a kuma nemi shawarar ma'aikatan ruwa da daji. Da yake iri da yawa daga Najeriya yake shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, mai saye ba ya ganin yadda aka yi. Abin da ke hannunsa shi ne ya ware hamsin, ya duba su in sun kai garam 30. In mata sun wuce biyu ko uku, ya san abin da aka sayar masa, ya ware sauran da hannu tun ba su fara ƙwai ba.

Wanda bai samu zallan maza ba yana da sauran dabara biyu. Ɗaya, ya zuba tarwaɗa kaɗan, kamar ɗaya ga karfasa goma, ta riƙa cinye ɗiyan. Sharaɗin shi ne karfasar ta riga ta girma ta fi ƙarfin bakin tarwaɗar, in ba haka ba jarin za ta cinye. Biyu, kiwo cikin kejin raga da ke rataye a ruwa: babu ƙasar haƙa rami, ƙwan da aka zuba ya zube ta idon raga. Duka biyun ɗiya suke hanawa, ba sa hana tamata yin ƙwai, don haka za ta ci gaba da zama ƙarama.

Tarwaɗa: a duba girma, a bar jinsi

Tarwaɗar kiwo, Clarias gariepinus, ba ta hayayyafa da kanta a kandamin siminti ko na tamfol. Sai ambaliyar damina ta hau ciyawa take zuba ƙwai a daji, a gida kuwa sai da allura. Matsalar ɗiya babu ita ke nan, azumin baki ma babu. A watanni huɗu zuwa shida na kiwon kasuwa, tazarar namiji da tamata ƙarama ce, ba ta kai a biya ƙarin ko dala ba. Wanda ya ce zai sayar maka da zallan mazan tarwaɗa da tsada, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ke cin jarin mai tarwaɗa cin juna ne. Cikin kowane zubi akwai ƴan kaɗan da ke zarce sa'o'insu, waɗanda masu kiwo ke kira shuta, su ne ke haɗiye ƙanana. A watanni biyun farko a riƙa tace su duk mako ɗaya ko biyu, manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana gefe.

Jinsi na shigowa ne in kiwo ya yi tsawo. Bayan wata shida ko bakwai tamata ta fara cika da ƙwai, wanda kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Mai sayar da ɗanye a sikeli bai yi asara nan take ba, tunda ƙwan ma nauyi ne. Mai banda shi ke ji a jikinsa: ya sayi kilo, ya farke ciki, garam 100 zuwa 150 ya fita tare da hanji. Ga wanda zai riƙe kifi ya wuce kilo ɗaya, ko mai ƙyafewa, gara a fara sayar da matan a bar mazan. Gane su ba wuya: tsiron namiji dogo ne mai tsini, na tamata gajere ne zagayayye.

Mai ƙyanƙyasa kuwa lissafinsa na angila ne, babbar tamata mai ƙiba ita ce dukiya. A zaɓi wadda ta shekara ɗaya ko fiye, mai kilo guda zuwa sama, mai taushin ciki, wadda in an ɗan matsa ƙwai ke fitowa kai ɗaya. Allurar Ovaprim, mai sa ƙwan ya nuna a iya tatsarsa, rabin mililita ce ga kowane kilo na nauyinta. A ruwa mai digiri 26 zuwa 28 ana tatsar ta bayan awa 8 zuwa 11. In aka yi gaggawa ƙwai ba ya fita sai da jini, in aka makara ya zube ko ya lalace. Garam ɗaya na ƙwai na ɗauke da 600 zuwa 700, wato tamata mai kilo ɗaya na iya ba da 60,000 ko fiye. Namiji ba ya tatsuwa, yanka shi ake yi a ciro marainan, a tsattsaga su cikin ruwan gishiri na garam 9 a lita ɗaya. Kowane zubi namiji ɗaya ya tafi, saboda haka a ajiye maza da yawa, kuma kada su zama ƴan uwa ɗaya da matan. Uwar da aka ciyar da dusa zalla ƙwanta ƙanana ne masu ƙarancin gwaiduwa, ɗiyan su mutu cikin kwana uku zuwa biyar, a ɗora wa ruwa laifi. Iyaye na son abinci mai furotin 35 zuwa 40 cikin ɗari na wata biyu aƙalla kafin allura. Ƙuliƙuli da waken suya na taimakawa, amma sai an haɗa da garin kifi, kuma ƙuliƙulin da ya yi fumfuna guba ne ga hanta.

Yanayin Maradi na shiga cikin zaɓin

Jikin kifi zafin ruwa yake bi, duk ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin ƙona abincinsa. Da dari, Disamba da Janairu, ruwan ƙaramin kandami na iya sauka ƙasa da digiri 20 da asuba. Karfasa ta rage ci, ta daina ƙwai, girma ya tsaya ga namiji da tamata baki ɗaya, a digiri 11 zuwa 12 kuma mutuwa take. A lokacin a rage abinci, a ba da shi da tsakar rana, a ƙara zurfin ruwa ya kai mita ɗaya ko fiye. Sayen zallan maza a Nuwamba biyan kuɗin gudu ne a lokacin da babu mai gudu.

Da bazara, Afrilu da Mayu, abin ya juye. Ruwa mai digiri 30 miligiram 7.5 na oksijin kawai yake iya riƙewa a lita, mai digiri 20 kuwa kusan 9, ga shi kifin ya ƙara buƙata. A nan ne tabkin gauraye ke kashe mai shi: uwaye na ta ƙwai, ɗiya sun cika ruwa, da asuba a tarar da kowa a sama yana haki. Tarwaɗa na da gaɓar shaƙar iska a cikin kanta, tana jurewa. Karfasa ba ta da ita. Mai son karfasa a tabkin ƙasa ya zuba zallan maza daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, ko da faɗuwar damina, ya kwashe kafin dari, ya ƙafar da tabkin ya bar rana ta dake shi mako biyu don kada ɗiya ko ɗaya ta tsallaka zubi na gaba. Mai kandami a cikin gida da ruwan famfo ko na burtsatse, tarwaɗa gauraye ta fi masa, kuɗin da zai ƙara a kan jinsi ya sa shi a ragar tacewa da abinci mai kyau.